Kwale-kwalen Tukurwa

Litinin, 20 ga Satumba, 1971, da hantsi

Irimiya ya sha kunu yau. Rabin kwano ne, amma ya sha.

Tun da ya dawo daga Baro bai taka ƙofar gida ba. Su biyu suka tafi aikin dako a bakin kogin Kwara, shi da Kudu ɗan maƙwabtanmu, shi kaɗai ya sauko daga jirgin ƙasa. An tambaye shi ina Kudu, ya kalli ƙasa. Ubansa ya tambaya, fasto ya tambaya, ni ma na tambaya har na gaji da jin muryata. Ba kurmancewa ya yi ba. In na ce ga ruwa, yakan ce to. Maganar nan guda ce ba ta fita.

Ɗakin Kaka, uwar Kudu, yana kallon nawa. Murhunmu a rumfa ɗaya yake tun yaran nan suna rarrafe. Da safe ta ce, "Maman Irimiya, ya tashi?" Na ce ya tashi. Ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da wanke shinkafarta. Ba ta tambayi ɗaya abin ba. Da ta tambaya da na fi samun sauƙi.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na ɗauko ragowar littafin makarantar 'yata Helen. Da girmana na koyi rubutu a ajin mata na coci, hannuna ba ya sauri. Ba komai, ba inda za ni.

Laraba, da yamma

Ya ce in ba shi reza. Na ce me za ka yi da ita, ya ce aiki. Na ba shi tsohuwar ta ubansa, na ɗauko wake na zauna a bakin ƙofarsa ina tsincewa. Waken nan sau biyu na tsince shi.

Tukurwa ya zaro daga karyayyen gadon da ke bayan ɗaki. Yana ta fere ta har duhu ya hana shi gani.

Alhamis, da asuba

Na leƙa. Yana numfashi. Rezar tana kan taga.

Asabar, 25 ga wata, rana tsaka

Ashe kwale-kwale ne. Tsawonsa daga gwiwar hannuna zuwa yatsa. Ya rarake cikinsa, ya gicciya 'yan sanduna inda ake zama. Akwai wani tsinken tsintsiya da ya karya, da shi yake auna komai. Na gane tsinken nan shi ne tsawon mutum, don na ga ya tsayar da shi a cikin jirgin, ya duba inda gefe ya kai masa, bai yi masa daidai ba, ya ƙara rarakewa.

Maigidana Shekwolo ya dawo daga gonarmu ta Beji, ya tsaya a kansa yana kallo. Ya ce, "Ƙato da gemu yana wasan yara. Ai da mota ka yi mana, mu huta da taka keke." Irimiya bai ɗago ba.

A waje na ce, "Baban Irimiya, ka ƙyale shi. Ba ka ga hannunsa ya daina rawa ba?"

Ya ce, "Hannu na gani. Baki nake jira."

Ndaliman, uban Kudu, ya rufe kekensa na ɗinki da zane, ya hau jirgin Baro tun da safe.

Lahadi, bayan sujada

An yi mana addu'a da suna. Duk matan suka waiwayo. Ban tsaya gaisuwa ba.

Talata, 28 ga wata, da la'asar

Ndaliman ya dawo. Ya kira Shekwolo gindin mangwaro. Ina rumfa ina tuƙa tuwo, ina jin komai.

Ya ce, "Malam Shekwolo, ba faɗa ya kawo ni ba. A Baro an ce mini yaran sun bar dako sun bi wani kwale-kwalen fatake mai gangarawa Lakwaja. Masu jirgin baƙi ne, ba wanda ya san inda suka nufa yanzu. An kuma ce ana gobe za su tashi an ji su suna cacar baki, su biyun, har sai da aka shiga tsakani."

Shekwolo ya ce, "Yaran da suka tashi a kwano ɗaya, wace rana ce ba su yi cacar baki ba?"

"Haka ne. Shi ya sa na zo wurinka ban wuce caji ofis ba. In ɗana yana raye, a gaya mini inda zan neme shi. In ya rasu, a gaya mini in tara mutane a yi masa addu'a. Ba a zaman makoki a kan zato. Uwarsa ta kasa kuka, ta kasa barci. Zan jira zuwa kamawar watan azumi. In ya kama ɗanka bai yi magana ba, zan kai wa 'yan sanda su tambaye shi da kansu."

Ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba.

Yaron da bakinsa ya ƙi buɗuwa a gaban uwarsa, me za a yi masa a can kafin ya buɗe? In kuma bai buɗe ba, me za su rubuta?

Tuwon ya kama.

Laraba, da dare ya fara

Irimiya bai ci abinci ba.

Alhamis, 30 ga wata, da hantsi

Jiya ya ce in samo masa yumɓu. Na je wurin matan da ke gina tukwane, na ce gyaran murhu zan yi. Ban san abin da ya sa na yi ƙarya ba. Yumɓu ne kawai.

Ya ciro murfin tsohon akwatin katako ya shimfiɗa yumɓun a kai. Da bayan cokali yake danna shi yana tayar da igiyar ruwa. Gefe guda ya tara shi ya yi gaɓa, ya soka busasshiyar ciyawa. Ya jiƙa ƙaro ya ajiye, ya ce sai ya bushe zai shafa don ya yi ƙyalli.

Na kawo masa bular wankina na ce ko zai zuba, ruwa ya fito kamar ruwa.

Ya ce, "Ruwan ba shuɗi ba ne, Mama."

Na ce wane iri ne?

Ya ce, "Kamar kunun da ya kwana."

Tun dawowarsa bai yi magana mai tsawon wannan ba. Da na yi shiru. Amma na ce, "Sai me ya faru a ruwan?" Ya ajiye cokalin, ya juya mini baya.

Ban iya jira ba. Kullum haka nake, ban iya jira ba.

Asabar, 2 ga Oktoba, da yamma

Ya kafa doguwar sanda a tsakiyar jirgin, ya ɗaura mata ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. Daga buhun gishiri ya yanko shi. Ya tsoma shi a ruwan koko, ya shanya a bayan ƙwarya, da ya bushe sai ya fito da ciki kamar iska tana kaɗa shi. Igiyoyin da zaren saƙa ya murza su. Ya ɗinka 'yan buhuna kamar ƙwayar gyaɗa, ya cika su da yashi, ya jera, ya ɗaure. Ban san a ina ya koyi wannan ba. Yana ƙarami motar kara yake yi kamar kowane yaro, ta Kudu ma takan fi tasa kyau.

Na yi ta jira in ga ya kifar da jirgin. Allah ya gafarta mini, na so ya kifar da shi. Jirgin da ya kife ba laifin kowa ba ne, kowa ya faɗa ruwa, wani ya fita wani bai fita ba. Amma ya dasa shi daram a kan yumɓun, kayansa a ɗaure, ba abin da ya jiƙe.

Litinin, da hantsi

Ya fara mutane. Da totuwar kara yake yin su, kowa daidai da tsinken awonsa. Da bakin allura yake fitar da hanci. Yana shafa musu baƙin tukunya da man ja. Akwai tsoho a bayan jirgi da malafa. Akwai mace da goyo da kwano a cinya. Akwai wani mai tumbi da ya miƙe a kan buhuna yana barci. Har akuya ya yi, ya ɗaure ta a sanda.

Sai ya yi wani dogo mai dogon wuya da kunnuwa a baje. Ina gani na ce, "Wannan ai kai ne, kunnuwan gidanku ke nan." Dariya ta kuɓuce mini. Shi ma gefen bakinsa ya motsa.

Da na fito Kaka tana tsaye da tsintsiya a tsakar gida. Ta ji dariyar. Ta sunkuya ta ci gaba da shara.

Laraba, 6 ga wata, da safe

Ina shara a bayan tagarsa na tsinci mutumin kara ɗaya a ƙasa. Kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka, yadda Kudu ke tsayuwa. An sa masa riga, kore mai farin ratsi.

Na san yadin. Sallar bara Ndaliman ya ɗinka musu riga iri ɗaya, su biyun, ya ce kada ɗaya ya yi ado ɗaya yana kallo. Ta Irimiya tana rataye a ƙusa, ba abin da ya same ta. Da ya zagaya bayan gida na buɗe jakarsa. Ɗayar tana ƙasa a naɗe, an yanke gefenta.

Na mayar da jakar yadda na same ta.

Ban iya share shi in zuba a juji ba. Ba a zubar da ɗan mutane kaji su tsattsage shi, ko da na kara ne. Na sa shi a 'yar tukunyar da ke bayan murhuna, na rufe.

Alhamis, da safe

Wani kuma a bayan taga. Wannan hannuwansa biyu a sama suke.

Juma'a, da safe

Biyu yau. Ɗaya ya miƙa hannu a buɗe, ɗaya ya dunƙule. Duk mutanen jirgin sau ɗaya ya yi su ya manna. Wannan kaɗai yake yi yana yarwa.

Na sa su tare da 'yan'uwansu.

Lahadi, 10 ga wata, da la'asar

Kaka ta zo har ƙofar ɗakinsa da kwano a rufe. Na tashi na tsaya a bakin ƙofar kamar mai gyara labule.

Ta ce, "Me yake yi a ciki ne, kullum ƙurus-ƙurus kamar ɓera a rumbu?"

Na ce, "Wasa ne kawai, don ya rage zaman banza."

Ta dube ni. Ta rame, zanenta har ya zagaya ta ya yi saura. Ta ce, "Ungo, ki ba shi. Miyar kifi ce, na sa masa kan. Shi da wancan har kokawa suke yi a kansa."

Wancan. Ba ta kira sunan ba.

Na ce ta shigo ta zauna a ɗakina, ta ce tana da wanki. Ba ta da wanki, igiyarta ba komai tun shekaranjiya.

Na kai masa. Ya buɗe, ya ga kan kifin, ya rufe. Ya kwanta yana kallon bango. Ni na ci don kada kwano ya koma da abinci. Ban ji ɗanɗanonsa ba.

Talata, 12 ga wata, da yamma



Kyauta mai tuwo, wadda ke ɗakin ƙarshe, ta shigo rumfa neman daddawa ina wurin famfo. Kullum haka take, sai ta ɗiba sannan ta faɗa. Na dawo na same ta da murfin 'yar tukunyar a hannu. Ba ta yi ihu ba. Ta mayar da murfin, ta goge hannunta a zane, ta ce, "Ashe." Ta fita.

Kafin azahar mata sun janye 'ya'yansu daga ƙofata.

Ndaliman ya zo da kansa. Ya ce in buɗe masa tukunyar. Na buɗe. Ya sunkuya ya duba, hannuwansa a baya.

Na ce, "Malam, daga rigar Irimiya ya yanka."

Ya ce, "Jiya kika wanke ta Irimiya, na gan ta a igiya. Ni na ɗinka ta. Ba inda aka yanka."



Ya ce, "Maman Irimiya, mutum a tukunya, da tufarsa a jikinsa, da murfi a kai, a bayan murhu. Ke a garinku me ake kiran wannan?"

Na san abin da ake kiransa. A garinmu da garinsu duk abu ɗaya ne. Da ni na gani a rumfar wata, abin da zan ce ke nan. Ban yi tunanin haka ba sa'ad da nake sa su. Kaji kawai na tuna.

Na ce, "Wallahi don kada a taka su ne."

Ya ce, "Yaya aka yi rigar ɗana ta dawo Minna shi bai dawo ba?"



Ya miƙe. Ya ce, "Na ce azumi, amma ba zan kai ba. Gata Juma'a. In na sauko daga masallaci zan wuce caji ofis."

Kaka tana ɗakinta, labule a sake. Ba ta fito ba.

Laraba, da hantsi

A famfo ba wadda ta ajiye bokitinta kusa da nawa. Wai mun sayar da Kudu ga mutanen ruwa. Wai ni na haɗa, shi ya kai. Matar da na karɓi haihuwarta da hannuna ta ce, "Shi ya sa tsohuwa ta koyi rubutu." Ba ta yi ƙasa da murya ba.

Wani dattijon coci ya zo. Ya ce shi bai yarda da zancen mutane ba, amma a ƙone kayan a gaban kowa a huta. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yaron nan yana da hannu." Sannan ya sake cewa a ƙone.

Laraba, da yamma

Shekwolo ya ce zai ɗauki Irimiya a keke da asubar Juma'a ya kai shi Beji, daga can a wuce da shi ƙauyen kawunsa. Ni kuma in sa jirgin a murhu.

Na ce, "In ya gudu, ai ya amsa ke nan."

Ya ce, "In ya zauna fa? Ke za ki shiga ɗakin caji ofis a madadinsa?"

Na ce, "Kai ka ce baki kake jira. Abin da ke kan murfin akwatin nan shi ne duk abin da ya faɗa tun da ya dawo. Shi zan ƙone?"

Ya ce, "Kin san abin da zai faɗa in ya gama?"

Bai sake tambaya ba. Muka zauna, kowa yana kallon wani wuri.

Alhamis, 14 ga wata, da hantsi

Irimiya ya tafi wanka, na shiga ɗakinsa.

Ya gama. Ya sa Kudu.

Ba a cikin jirgin ya sa shi ba. Ya ƙwaƙule yumɓun daga gefe, ya dasa shi har ƙirji, ya sake shafewa. Wannan ba riga a jikinsa. Rigar tana kan buhu, 'yar mitsitsiya, a ninke. Hannunsa ɗaya a miƙe. Mai dogon wuyan yana durƙushe a bakin jirgi, riƙe da gorar tuƙi da hannu biyu. Tsakanin bakin gorar da hannun Kudu bai fi ƙwayar gero ba. Ba su taɓa juna ba.

Sauran mutanen kowa yana harkarsa. Mai tumbi yana barcinsa.

Na duba ta wajen ƙofa, na ga mai miƙa wa ɗan'uwansa gora. Na zagaya ta wajen taga, na ga wani abu dabam. Ba zan rubuta shi ba.

Ƙaron yana nan a murfin kwalba, bai bushe ba. Ɗigo ɗaya zai haɗa hannun da gorar, kowa ya gani ya san ya yi ƙoƙari. Na tsoma tsinke. Na tsaya da shi a sama har ƙaron ya ɗiga a zanena.

Na ji motsin bokitinsa, na fito.

Alhamis, da magariba

Shekwolo ya hura tayoyin keke. Ya ɗaura bargo a baya.

Ban dafa komai ba. Ba wanda ya tambaya.

Juma'a, 15 ga wata, da asuba

Na zauna a bakin ƙofar yaron kafin ya tashi. Da Shekwolo ya fito na ce ya ba ni zuwa saukowar masallaci. Ya ce in suka zo ni zan tsaya a gabansu. Na ce ni zan tsaya. Ya jingine keken, bai kwance bargon ba.

Juma'a, da la'asar

Da Ndaliman ya fita masallaci na je ƙofar Kaka na yi sallama. Sau uku kafin ta amsa.

Na kira ta yadda ake cewa uwar Kudu a yarensu, na ce, "Nna Kudu, ki zo ki gani."

Ta ce daga ciki, "Na ji abin da ke tukunya."

Na ce, "Ba shi ba. Abin da na tare miki ƙofa a kansa ranar Lahadi. Ban san abin da za ki gani ba. Ni kaina na gani ban sani ba."

Ta daɗe. Sannan ta fito, ba ɗankwali.

Irimiya yana zaune a ƙasa. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna. Ta durƙusa a gaban murfin akwatin. Ta duba ta wajen ƙofa. Ta ja gwiwa ta zagaya ta duba ta wajen taga. Ina kallon bayanta.

Ta nuna tsoho mai malafa. "Wannan wane ne?"

Ya ce, "Mai jirgin ne, Nna."

"Wannan fa?"

"Wata mai kai gishiri. Ɗanta yana ta kuka."

"Wannan malalacin?"

"Bafatake ne. Akuyar tasa ce."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, yana amsawa. Mu duk Kudu muke tambayarsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa akuya.

Sai yatsanta ya zo kan ruwan, ya tsaya, bai taɓa ba.

"Me ya fitar da shi?"

"Iska ta juya. Sandar ƙyallen ta zo ta gefe. Yana tsaye."

"Kuna magana a lokacin?"

"Ba ma magana. Tun Baro ba ma magana."

"Rigar?"

"Zafi ya ce yana ji."

"Ka miƙa masa gorar?"

"Na miƙa."

"Ya kama?"

"Ya kama."

Ni na so ta tsaya a nan. Na roƙi Allah a zuciyata ta tsaya a nan.

Ta ce, "To wa ya saki?"

Ya matse hannunsa a tsakanin gwiwoyinsa. Ya ce, "Kullum ina yin hannun in gani, Nna. Na yi shi a buɗe, na yi shi a dunƙule. Na yi nawa ma. Ruwan yana ja. Ban sani ba."

"Ka ga ya nutse da idonka?"

"Na gani. Mai jirgin ya tsaya, muka yi ta kira har rana ta faɗi. Bai taso ba."

Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." A hankali, kamar mai gwada nauyin kaya kafin ta ɗauka. Ba ta taɓa shi ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni ragowar rigar. Kada ka ƙara yanka masa ita." Ya ciro ya ba ta da hannu biyu.

A bakin ƙofa ta ce mini, "Ke kuma ki fitar da su daga tukunyar nan. Ɗana ba daddawa ba ne."

Ndaliman ya shigo da ƙanensa, bai cire babbar riga ba. Shekwolo ya miƙe daga gindin mangwaro. Ni na tsaya inda na ce zan tsaya.

Kaka ta tare mijinta a tsakar gida, rigar a ƙirjinta. Ta ce, "Malam, ka aika a gaya wa mutane. Kudu ya rasu a ruwa."

Ya ce, "Wa ya faɗa?"

"Wanda ya gani."

"Yaya aka yi?"

"Iska ta jefa shi. An miƙa masa gora, ruwa ya fi ƙarfi."

Ya dube ta. Ya dubi ƙofar da nake tsaye. Ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Ta ce, "Shi ke nan abin da zan iya ɗauka."

Ya juya ga ƙanensa ya ce ya je ya sanar da liman, ya bi ta layin teloli ya faɗa musu. Ya zauna a kan benci kusa da kekensa na ɗinki, ya cire hula, ya rufe fuska da ita.

A nan Kaka ta fara kukan. Duk gidan ya fito, har Kyauta.

Asabar, 16 ga wata, da safe

Mutane sun fara zuwa tun da sassafe. Ban san ko ana so na a ciki ba, sai na zauna a ɗaki ina jin takun su. Ndaliman bai gaishe mu ba. Bai kuma je ko'ina ba. Ban san tunanin da zai yi ba bayan an watse. Ban sani ba ko wata rana zai nemi ya shiga ya duba da kansa, ko ta wane gefe zai tsaya.

Irimiya ya yi barci har rana ta fito.

Ɗazu aka ɗaga labulena. Kaka ce, idanunta a kumbure. Ba ta shigo ba.

Ta ce, "Ki fito da tabarminki, namu ba za su isa ba. Ki ce wa Irimiya shi ya ɗauko."